Fatsa da ƙudan gashi: tarihin wani irin su na ƙasashen sanyi

Jawabin da aka yi wa taron ƙungiya

 

Yau zancenmu na su ne. Da yawa cikinku sun taɓa gani a telebijin ko a waya: Bature tsaye cikin kogi, ruwa har gwiwa, yana kaɗa wata doguwar sanda gaba da baya kamar mai bulala. Can sai ya jawo kifi, ya dube shi, ya cire ƙugiya, ya mai da shi ruwa. Wanda bai san abin ba sai ya ce wannan mutum aikin yi ya rasa. To, wannan su yana da suna, kuma tarihinsa a rubuce ya kai shekara 1800. Faransawa na ce masa pêche à la mouche, wato su da ƙuda. Mu za mu kira shi fatsa da ƙudan gashi. Abin da ya sa muka kawo muku labarinsa guda ne. In kun bi shi daga farko za ku ga duk lokacin da wannan sana'a ta ci gaba, wani mutum ne ya zauna bakin ruwa ya duba da idonsa abin da kifi ke ci. Lokutan da ta yi ɓarna kuwa, mutane ne suka daina dubawa.

1. YADDA AKE YIN TA

A fatsar da muka sani, ana soka tana ko fara a ƙugiya, a sa dalma ta ja ta ƙasa, a zauna jira. A wannan kuwa babu abinci ko kaɗan a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake ɗaura mata da zare, a yi mata siffar ƙwaro, har kifi ya gani ya zaci abincinsa ne. Wani ƙudan bai wuce ƙwayar shinkafa ba, wani ya kai tsawon yatsa.

Kun san abu marar nauyi ba ya jefuwa. Ku jefa gashin kaza, gabanku zai faɗi. Saboda haka suka sa nauyin cikin igiyar kanta. Igiya ce mai kauri, tsawonta wajen metir 27, a naɗe a kwarkwaro kusa da hannu. A bakinta akwai siririn zare wanda ido bai cika gani ba, a ƙarshensa aka ɗaure ƙudan. Sandar ta kai metir 2 da rabi ko 3. Kaɗawar nan da kuke gani, igiyar ce ake miƙewa a sama gaba da baya, sannan a sake ta ta kai ƙudan inda ake so, ya sauka a hankali ba tare da ya firgita kifi ba.

Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne wanda Faransawa ke kira truite, mu ce turwit. Kifi ne mai ɗigo-ɗigo a jiki, mai son ruwan sanyi mai gudu, garau. In zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara wahala, in ya kai wajen 25 ya daɗe sai ya mutu. Shi ya sa babu shi a ruwayenmu. Yakan tsaya wuri guda ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Idonsa kaifi gare shi ƙwarai. Karin maganar nan tamu, kifi na ganinka mai jar koma, kamar dominsa aka yi ta.

Abincinsa mafi yawa ƙwarin ruwa ne. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne wanda ake kira éphémère da Faransanci, ma'ana mai gajeren kwana. Uwarsa na zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama wata ƴar tsutsa mai ƙafa shida, ta zauna ƙarƙashin duwatsu ko cikin laka shekara guda, wani iri har biyu. Ran da lokacinta ya yi sai ta taso sama, fatarta ta tsage, ƙwaro mai fiffike ya fito ya tsaya bisa ruwa har fiffikensa ya bushe. Ya tashi ya sauka a ganye, ya sake tuɓe fata karo guda. Ba shi da bakin cin abinci, barbara ta rage masa da zuba ƙwai, cikin yini ɗaya ko biyu ya mutu. A ƙarshen watan Mayu da farkon Yuni, babban irinsu kan fito a kogunan kudancin Ingila kamar yadda shinge ke fita bayan ruwan farko. Kifi kan ruɗe da ci har mutanen can na kiran lokacin mako biyun da ko wawa ke yin kamu. Sauran watanni kuwa dole mutum ya san wane ƙwaro ne ke fita, da wane lokaci, da girmansa, da launinsa. In ya kuskure ɗaya, kifi zai taso ya dubi ƙudan ya koma.

2. MASUNTAN MAKEDONIYA

Labari mafi tsufa da ya bayyana wannan dabara filla-filla yana cikin littafin wani malamin Rum mai suna Claudius Aelianus, wanda ya rubuta da harshen Girka wajen shekara ta 200 bayan haifuwar Annabi Isa. Littafin na halayen dabbobi ne. Shi kansa ba masunci ba ne, labari aka ba shi. Ya ce a Makedoniya, arewacin ƙasar Girka ta yau, tsakanin garin Biriya da Tasalonika, akwai wani kogi mai kifaye masu ɗigo a jiki, waɗanda ke cafke wani ƙuda da ke shawagi bisa ruwa. Masuntan wurin sun lura in suka kama ƙudan da hannu, launinsa kan dushe, fiffikensa ya lalace, kifi ya ƙi shi. Sai suka naɗa wa ƙugiya jan zaren gashin tumaki, suka ɗaura gashi biyu na ƙarƙashin haɓar zakara masu launin kakin zuma. Sandarsu ba ta kai metir 2 ba, igiyar ma hakanan.

Waɗannan mutane abinci suke nema. Hakanan a duwatsun ƙasar Japan, masunta talakawa sun daɗe suna kamun kifi da sandar gora da igiyar izgar doki da ƙudan gashi guda, ba kwarkwaro, suna kai kifin kasuwa. Sunan dabararsu tenkara. A ƙasar Sipaniya kuma akwai wani rubutun hannu na 1624 daga garin Astorga wanda ya lissafta ƙudaje da gashin zakarun da ake yin su da shi. Mun faɗi wannan don ku san tun asali sana'ar mai neman abin miya ce, kafin ta zama wasan masu kuɗi.

3. LITTATTAFAN INGILA NA FARKO

A 1496 wani mai buga littattafai a Westminster, kusa da Landan, mai suna Wynkyn de Worde, ya buga wani ɗan littafi na koyar da fatsa. An saba jingina shi ga wata shugabar mata masu zaman ibada ta Kirista, Juliana Berners. A ciki an bayyana ƙudaje 12, kowane da watansa, daga Maris zuwa Agusta. A zamanin ba a sayen kayan su a kanti, don haka littafin ya koyar da yadda za a busar da icen sanda a hayaƙi, da yadda za a lanƙwasa allura a wuta ta zama ƙugiya, da yadda za a murɗa izgar farin doki a rina ta da launin da ya dace da ruwa. Har yawan silin izga an ƙayyade: sili 1 ga ƙaramin kifi, 9 ga turwit, 12 ga babban turwit, 15 ga kifin somon.

A ƙarshen littafin akwai gargaɗi wanda dattawanmu za su gane nan da nan. Kada ka yi su a ruwan wani sai da izininsa. Kada ka fasa tarkon kifin wani. Ka rufe ƙofar shingen da ka buɗe. Kada haɗama ta sa ka kwashi kifin da ya wuce bukatarka, don haka ake kashe ruwa. Mai bugawar kuma ya faɗi dalilin da ya sa bai fid da shi shi kaɗai da araha ba, ya haɗa shi cikin babban littafi mai tsada na farauta: yana tsoron ya faɗa hannun ƴan zaman banza su ƙarar da kifi. Tun daga nan kun ga inda aka nufa, an fara raba wanda ya cancanci su da wanda bai cancanta ba, kuma kuɗi ne ma'auni.

A 1653 wani ɗan kasuwan Landan, Izaak Walton, ya fitar da littafinsa The Compleat Angler, wanda har yau ake sake bugawa. Shi Walton ya fi gwaninta da tana da fara. Sai a bugu na biyar, cikin 1676, abokinsa Charles Cotton ya ƙara kashi na biyu a kan ƙudan gashi, ya bayyana iri 65. Walton ya girmi Cotton da shekara 37, Cotton na ce masa baba, shi kuma yana ce masa ɗana. A 1674 Cotton ya gina wani ɗan ɗaki na dutse a bakin kogin Dove inda suke hutawa, ya sa aka sassaƙa haruffan farkon sunayensu a harɗe bisa ƙofa. Ɗakin na nan tsaye.

4. MUTUMIN DA YA GINA BUKKA BISA KOGI

Har wajen 1800 yawancin masu ɗaura ƙudaje suna kwaikwayon abin da na gaba suka rubuta ne. Sai wani mai suna Alfred Ronalds ya gina wata ƴar bukka wadda ta leƙa bisa kogin Blythe a tsakiyar Ingila, ya yi mata tagogi da labule, yadda zai ga kifi kifi bai gan shi ba. Nan ya riƙa zama yana gwaje-gwaje. Mutane na cewa ƙara na korar kifi. Ya sa aka harba bindiga daga inda kifin ba ya ganin walƙiyarta, kifin bai motsa ba. Ya so ya san ko kifi na kula da ɗanɗano, sai ya shafa wa matattun ƙudaje barkono da yaji mai ƙarfi, ya hura su bisa ruwa ta cikin wani bututu, kifin ya haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma zana yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, ya nuna dalilin da ya sa wanda ya durƙusa a bakin gaɓa ya fi wanda ke tsaye ɓuya ga kifi.

Littafinsa ya fito a 1836. A kowane shafi na zane ya sa hoton ƙwaro na gaske, kusa da shi hoton ƙudan gashin da ke kwaikwayonsa, duka an shafa musu launi da hannu, tare da sunan da masana halittu suka ba ƙwaron. Daga nan masuncin kudu da na arewa suka iya gane ƙwaro ɗaya suke nufi ko da sunayen garuruwansu sun bambanta.

Kayan aiki ma sun yi ta sakewa. Igiyar siliki ta maye ta izga. A Amurka, cikin ƙarni na 19, maƙera sanda suka gano tsaga gora gida shida, a fere kowane tsagi, a manne su su zama sanda guda mai lanƙwasa da ƙarfi. Zaren nailan ya shigo bayan 1938, sandar garafit mai sauƙin ɗauka ta fito a 1973.

5. GARDAMAR SAMA DA ƘASA

A kudancin Ingila akwai koguna da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, irin su Test da Itchen. Ruwansu garau ne har kana ƙidaya tsakuwa a ƙasa, kifayensu manya ne masu wayo. Gaɓar kogunan mallakar masu ƙasa ce, sai mai kuɗi ke biyan hayar wurin su. Nan wani attajiri mai suna Frederic Halford ya yi shekaru yana nazari da abokinsa George Marryat. Ya fitar da littafi a 1886, wani a 1889. Koyarwarsa ita ce: ka nemi kifin da ka ga yana cin ƙwaro a sama, ka zagaya ta bayansa, ka jefa masa busasshen ƙuda mai yawo bisa ruwa wanda ya yi daidai da ƙwaron da yake ci. Dabarar ta yi kyau, ta kama kifin da a da ba ya kamuwa. Amma mabiyansa suka mai da ita doka. A ruwayen da suke riƙe, duk wanda ya bar ƙudansa ya nutse an ɗauke shi marar ladabi, kusan ɓarawo.

Sai ga wani lauya, G. E. M. Skues, wanda ya fara su a kogin Itchen a 1883. Ya lura sau da yawa ana ganin motsin kifi kusa da sama, a jefa masa busasshen ƙuda ya ƙi. Ya samo wani siririn dogon cokali wanda Turawa ke ƙwaƙule ɓargo da shi. Duk kifin da ya kama ya kashe, sai ya zura cokalin ta baki ya ɗebo abin da ke cikinsa, ya zuba a farin faranti da ɗan ruwa. Abin da ya gani mafi yawa tsutsotsin nan ne masu tasowa, waɗanda kifi ke tarewa tun ba su iso sama ba. Ya ɗaura ƙudaje masu kama da su, ya riƙa jefawa su nutse kaɗan, ya yi ta kamu. Ya rubuta abin da ya gani a 1910, ya ƙara a 1921.

Halford ya rasu a 1914, amma gardama ba ta mutu ba. A watan Fabrairu na 1938 ƙungiyar masu wannan su ta Landan ta kira zama musamman a kan ko dabarar Skues halal ce a kogunan alli. Yana da shekara 79 a lokacin, kuma masu goyon bayansa a zauren kaɗan ne. Cikin wannan shekara ya bar ruwan da ya yi shekara 55 yana su a cikinsa, don abokan hayarsa sun matsa masa. Ya koma wani kogi, ya fitar da littafi na ƙarshe a kan maganar a 1939, ya rasu a 1949.

Wanda ya ƙarasa aikin talaka ne. Frank Sawyer ɗan ƙauye ne, bai yi dogon karatu ba, aikinsa tsaron kogin Avon, yana yanke ciyawa yana gyaran gaɓa tun daga 1928 har rasuwarsa a 1980. Yawan kwanciya rub da ciki yana leƙen ruwa ya sa ya gane in tsutsar nan na iyo takan maƙale ƙafafunta a jiki. Ya ce ashe yi mata ƙafa ɓata lokaci ne. Ya ɗauki siririyar wayar jan ƙarfe irin ta cikin tsohon inji, da ƴan silin gashin wutsiyar wani tsuntsun daji dangin fakara, ya naɗa a ƙugiya, ko zare bai sa ba. Wayar ta ba ta nauyin nutsewa. Yau wannan ƙudan na Sawyer yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya duka, dabarar da aka kori Skues dominta kuma ana koyar da ita ga kowane sabon shiga. Gani ya kori ji.

6. GASHIN TSUNTSU MAI TSADA

Akwai wani babban kifi, somon, wanda ake haifa a kogi, ya tafi teku ya girma, ya komo kogin da aka haife shi don zuba ƙwai. In ya komo ba ya cin abinci. Yakan kai wa ƙugiya cafka ne kurum, kuma baƙin gashi tsurarsa na iya tsokano shi. Amma a ƙarni na 19, lokacin da jiragen Ingila ke kwaso kaya daga ko'ina, manyan mutane masu su a kogunan Sikotland suka shiga gasar ado. Wani ƙuda mai suna Jock Scott, wanda baran wani basarake ya ƙirƙiro wajen 1850, kayan haɗinsa sun haura iri 20. A ciki har da gashin zabo da na jimina da na tuje, da na wasu tsuntsaye daga Indiya da Amurka ta Kudu. A 1895 George Kelson ya buga babban littafi mai ɗauke da irin waɗannan ƙudaje wajen 300, yana cewa kowane da ranarsa da ruwansa. Daga baya masunta suka ga ƙudan da aka yi da gashin dabba iri ɗaya ko biyu yana kamu daidai da su, aka bar na adon.

Sha'awar ba ta ƙare ba. Har yanzu akwai masu ɗaura su don kallo, da yawansu ba su taɓa jefa ƙugiya a ruwa ba, kuma tsuntsayen da suke so doka ta hana kashe su. A watan Yuni na 2009 wani saurayi ɗan Amurka, mai koyon busa sarewa a Landan, ya fasa taga da dare ya shiga gidan ajiyar halittu na garin Tring. Ya cika akwati da fatun tsuntsaye 299. Wasu cikinsu masanin nan Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su a tsibiran Indonesiya ta yau tsakanin 1854 da 1862. Sai bayan wata guda aka lura da satar, ba a kama shi ba sai 2010. Kafin nan ya fige wasu ya sayar da gashin, ya kuma cire wa da yawa ƴar takardar da ke ɗaure a ƙafa. Takardar nan ita ce ke faɗin inda aka kama tsuntsu da ranar, da ita masana ke gwada tsuntsun da da na yanzu. Wadda aka cire, fatarta ta tashi daga aiki.

7. DA AKA KAI KIFIN WASU ƘASASHE

Turawan Ingila da suka zauna nesa da gida sun yi kewar kifinsu. Sau uku aka gwada kai ƙwai Ostareliya ta jirgin ruwa, a 1852 da 1860 da 1862, duka suka mutu a hanya. A 1864 aka shimfiɗa ƙwan cikin akwatunan katako tsakanin gansakuka, aka binne su ƙarƙashin tarin ƙanƙara a cikin jirgi mai suna Norfolk. Bayan kwana 84 ya isa Melbourne, aka wuce da ƙwan tsibirin Tasmaniya. Na somon wajen 100.000 ne, amma irinsu bai zauna ba. Na turwit wajen 3.000 ne kurum, ƴan ɗaruruwa suka ƙyanƙyashe, daga gare su aka cika kogunan Tasmaniya, aka kai Ostareliya da Niyu Zilan. A Afirka an kai shi duwatsun Afirka ta Kudu, kuma a 1905 Ewart Grogan ya sa aka zuba shi a kogin Gura na ƙasar Kenya. Daga nan sana'ar ɗaura ƙudaje ta kafu a Kenya, inda mutane da yawa ke cin abinci da ita, ana fitar da kayan zuwa Turai da Amurka.

Sai dai waɗanda suka zuba baƙon kifin ba su tsaya sun dubi abin da ke cikin kogunan ba. Akwai ƙananan kifaye ƴan asalin wurin waɗanda ba su taɓa haɗuwa da maci irin wannan ba. A Niyu Zilan da Afirka ta Kudu da Lesoto, turwit ya cinye su har wasu suka ɓace daga koguna da dama, sai a saman gangaren ruwa inda bai iya hawa ake samunsu. Yau sunansa na cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna da masana suka tsara.

8. SAKIN KIFI DA ƘIDAYAR ƘWARI

Mu komo ga abin da ya fi ba mutanenmu dariya, wato sakin kifi bayan an kama. Dalilinsa lissafi ne. Masu wannan wasa sun yi yawa, kogunan ƙanana ne, in kowa ya tafi gida da abin da ya kama, shekara kaɗan ruwa zai zama wayam. A Amurka wani gwani mai suna Lee Wulff ya yi kira a rubuce tun 1939 a riƙa mai da babban kifi ruwa, abin ya bazu. Suna danne ƙayar ƙugiya don ta fita da sauƙi, su jiƙa hannu kafin su taɓa kifin. Wanda ke su don ciyar da iyali ba zai yi haka ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma tunanin ba baƙo ba ne gare mu, don inda sarkin ruwa ke hana shiga ruwa sai ranar buɗi, lissafin ke nan. Wasan ma ya matso kusa: a kogin Faro na arewacin Kamaru baƙi na zuwa da rani suna kama giwan ruwa da tsage da ƙudan gashi, su sake su.

Labari na ƙarshe shi ne ya fi shafarmu. Da yake waɗannan masunta sun san ƙwarin ruwa, a Ingila an tsara musu aiki na sa kai. Kowane wata mutum ya je wuri guda a kogi, ya kafa ƴar koma cikin ruwa, ya tona tsakuwa da ƙafa minti 3, ya zuba abin da ya shiga komar a farin tire, ya ƙidaya ƙwari iri 8, ya rubuta. A watan Yuli na 2013 masu wannan ƙidaya a kogin Kennet suka zuba tirensu suka ga ƙwari a mace. Ruwan garau yake, kifaye na yawo, mai wucewa ba zai ga kome ba. Suka kai rahoto, hukuma ta bincika ta iske wani maganin ƙwari mai suna kulorfirifos ya shigo ta magudanar ƙazantar garin Marlborough. An ƙiyasta yawansa bai wuce cokalin shayi biyu ba, amma ya kashe ƙwarin kogi tsawon kilometir 15. Kifin bai mutu nan take ba, abincinsa ne ya ƙare. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana wannan magani a 2020.

Ƴan'uwa, wannan magani da danginsa an sha sayar da su a kasuwannin Afirka ta Yamma don feshin wake da kayan lambu. Duk wanda ya gama feshi ya je ya wanke famfonsa a bakin tabki, ko ya jefa kwalbar a fadama, ya tuna da cokali biyun nan. Karfasa da kawara da tarwaɗa ma suna cin ƙwarin ruwa, musamman suna ƙanana. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kafin a ga mataccen kifi ƙwari ne ke fara mutuwa. Gane wannan ba ya bukatar kuɗi. Yaron lakwal na iya juya dutse ko ya ɗago ciyawa a bakin ruwa wuri guda kowane wata, ya rubuta abin da ya gani a kaye, a gwada na bana da na bara.

Muna roƙon iyayenmu da suka yi su a Madarunfa ko Tabalak ko tabkin Cadi, da ƴan'uwa masu sana'ar a inda suke biɗa, su faɗa mana sunayen ƙwarin ruwa da watannin fitarsu da kifin da ke cin kowane, mu rubuta mu fitar a takarda mai zuwa. Nan muka kawo ƙarshen jawabi.